Darar Ces: Ko Ta Cancanci Lokacin Wanda Ba Gwani Ba?

Da aka zauna kan wannan tambaya, kusan baki ya zo ɗaya: in abin rufin asiri kake nema, ces ba za ta ciyar da kai ba. Kambun girandimasta, wato babban gwani, na hukumar ces ta duniya FIDE sai da maki 2500 a ma'aunin ƙarfin 'yan wasa, kuma gwanaye irin su Magnus Carlsen, da ya same shi a 2004 yana ɗan shekara 13, tun suna ƙanana suka fara.

Amma masu cewa a ci gaba sun fi rinjaye, ni ma ina bayansu. Tsarin maki na Elo, mai auna ƙarfin ɗan wasa, yana haɗa ka da tsaranka, don haka za ka ci, a ci ka. Daɗin da ke cikin hango dokinka ya kai wa sarki da sarauniyar abokin karawa hari lokaci guda, ka ɗora yatsa zuciya na bugawa, bai san baiwa ba.

An fi nanata a rage wasan gaggawa, a riƙa komawa kan wasan da aka sha kaye a gano inda aka zame. Haddar buɗe wasa ta jira tukuna. Manhajar buga ces ta Lichess kyauta ce, tana da darussan dabara masu yawa.