Muhawara: Sai an sayar wa mazauna ne gidajen gwamnati za su gyaru?

Malam na Yalwa: Assalamu alaikum jama'a. Ga ra'ayina, wanda ya ga ba haka ba ya fito fili. Gidajen gwamnati a Bauchi ba za su taɓa gyaruwa ba sai an sayar wa waɗanda ke ciki. Ku dubi irin su rukunin gidajen Federal Low Cost. Inda ka ga sabon kwano da fenti, tambaya, za ka tarar mai gidan ne a ciki. Ɗan haya ba ya sayen siminti don bangon wani.

Maman Hanifa: Wa alaikumus salam Malam. Ɗan haya fa yana saya, ga ni. Duk wata ana cire kuɗin haya daga albashina tun kafin in gan shi. Kwano ɗaya ne ya fara yoyo a ɗakin yara, na kai takarda ofis, aka ce an buɗe fayil. Damina ta wuce muna tara baho. Ta biyu silin ya kumbura ya rufto, kafinta ya hau ya sa yatsa a rafta, sai ga gari na zuba, gara ta cinye. Aikin kwano ɗaya ya koma na rabin rufi, kuma daga aljihuna.

Injiniya: Hajiya, abin da ya same ki shi ne tsarin. Hayar da ake cirewa asusun gwamnati take tafiya, ta haɗu da sauran kuɗin shiga, ba a ware ta don gidan da ta fito. Gyara kuma sai an sa a kasafin kuɗi, sai an amince, sai an saki kuɗin, kuma shi ake fara yankewa idan aljihu ya yi zafi. Sabon rukunin gidaje ana yanka masa kyalle a ɗauki hoto. Wa ya taɓa gayyatar 'yan jarida bikin kwashe sokawe?

Malam na Yalwa: To ai kun zo kan maganata. A sayar kowa ya huta.

Baba Mai Ritaya: Sannu dai, Malam. Mun ga irin wannan. Obasanjo ya kawo tsarin biyan ma'aikata kuɗi maimakon ba su gida a 2003, daga baya aka sayar da gidajen gwamnatin tarayya a Abuja. Wanda ke ciki ya dace. Yaron da aka ɗauka aiki bayan nan fa? Ya tarar ba gida, sai haya a bayan gari. Gidan gwamnati na ma'aikacin gobe ne ma, ba na mu kaɗai ba.

Ɗan Gombe: Baba ya yi gaskiya, kuma akwai abin da sayarwa ba ta taɓawa. Mu nan Gombe zaizayar ƙasa ce ke cin mu. Tun da garin ya zama babban birnin jiha a 1996 gine-gine suka yawaita, ruwan sama ya rasa inda zai nutse. Ka mallaki gida ka yi masa fenti, kwari na matsowa ta bayan katanga. Lambatu, kwalbati, titi, taransifoma, na wa ne bayan an sayar?

Malam na Yalwa: Na ƙungiyar unguwa. A yi karo-karo.

Maman Hanifa: Malam ke nan! A layinmu kuɗin mai gadi ma sai an bi mutum har ƙofar gida, ana sallama yana cewa a ce ba ya nan.

Injiniya: Ni dai ba na ƙin sayarwa gaba ɗaya. Amma gidan da ya rage a hannun gwamnati, a buɗe wa kowane rukuni asusunsa, hayarsa ta zauna a ciki, mazauna su sa wakili cikin masu sa hannu. A riƙa duba rufi a watan Afrilu kafin ruwa ya sauka, ba a Agusta ba.

Malam na Yalwa: Asusun da babban sakatare ɗaya zai iya kwashewa da takarda ɗaya? Injiniya, ban gamsu ba.

Baba Mai Ritaya: Ni ma ban gamsu da naka ba. Wanda ke jiran garatuti har yau, da me zai saya?

Maman Hanifa: In dai za a sayar, a fara cire kuɗin raftata daga farashin. Rasit ɗin kafinta yana nan a jakata.