Wace kalma za mu sa wa "spectrum"?

Mai fassara: Salamu alaikum. Ina shirya rahoton rediyo na ranar 17 ga Mayu kan ITU, hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya da aka kafa a Paris a 1865. Duk shekara uku zuwa huɗu ƙasashe na zama, kamar na Dubai a 2023, su raba spectrum. Me zan ce? Gobe za a naɗa.

Injiniya: Zangunan sadarwa. Mai sauraro ya san gajeren zango da matsakaicin zango, spectrum kuwa su ne dukansu a jere. FM ta samu 87.5 zuwa 108 megahaz, wato ma'aunin zango, zangon jiragen sama kuma yana sama da nata kaɗan. Shi ya sa tasha mara kyawun tacewa ke kutsawa cikin maganar matuƙin jirgi.

Malamin Hausa: Bakan iska ya fi. Bakan gizo ma launuka ne a jere, asalin ma'anar kenan.

Injiniya: Allah gafarta malam, iska ba ta ɗaukar saƙon. Tauraron ɗan'adam yana aikawa daga inda babu iska sam.

Malamin Hausa: To wayar iska fa? Wa ya taɓa ƙorafi? Ku injiniyoyi kun fi son a ce sifektiram don a san kun yi boko.

Hajiya mai gabatarwa: Malam, mu ne a bakin makirufo. In na ce bakan iska sai na ɓata rabin minti ina bayani. Amma Injiniya, 700 megahaz da aka karɓe daga talabijin aka ba wayar salula fa? Shi ma zanguna?

Injiniya: Wannan yanki ne kawai, Hajiya, 694 zuwa 790 a shiyyar da ta haɗa Afirka da Turai. Ki ce tsagin zango. Amfanin yarjejeniyar ƙasashe kan rabon shi ne a ƙera waya iri ɗaya ta yi aiki a ƙasashe da yawa, ta yi araha, kuma 700 ɗin na cin nisa, turaku kaɗan sun isa karkara.

Malamin Hausa: Tsagi na yarda. Zangunan sadarwa bayani ne, ba suna ba. A ajina bakan iska zan koyar.

Mai fassara: Na sa zangunan sadarwa da tsagin zango. Saura "standard", na rubuta mizani. Akwai mai ja?