Neman shawara: na zuba man suya a injin niƙa, yanzu yana hayaƙi

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ina da injin niƙa mai shan gas wanda mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana, kuma da shi nake riƙe da mahaifiyata da ƙannena huɗu, ga kuɗin makarantar autarmu ya ƙarato. Da gas ya yi tsada, sai na fara karɓar ragowar man suya wurin masu ƙosai, ina tacewa da ƙyalle ina gaurayawa da gas. Mako uku komai lafiya, amma yanzu da asuba ba ya tashi sai na galabaita da juya hannu, yana kuma fitar da farin hayaƙi mai warin suya. Yaya zan yi?

Bakanike: Wa alaikumus salam. Malam, ka dakata yau ɗin nan. Man girki ya fi gas kauri kusan sau 10, saboda haka nozul, wato abin da ke fesa mai cikin inji, ba ya feshe shi yadda ya kamata, sai ya ƙi ƙonewa, ya toshe bakin nozul, ya gangara cikin baƙin mai ya mayar da shi kamar kunu. Ƙyalle kuma ba ya cire ruwa da gishiri.

Wani malami: Ɗan'uwa, kada ka karaya. A baje kolin birnin Paris na 1900 an tayar da injin dizal da man gyaɗa. Ka yi tanki biyu, ka tayar da gas, in inji ya yi zafi ka koma kan man, kafin ka kashe kuma ka dawo gas.

Wani manomi: Ni maganar nan ciwo take tayar mini. An sa mu shuka bini-da-zugu don a yi man inji da shi, da alkawarin wani kamfani zai saye, muka hana gonar gero, har yau ba mu ga mai saye ba.

Bakanike: Malam, tarihi ba zai saya masa famfon inji ba. In dole ne, sai a sarrafa man da sinadarin metanol da sodar sabulu a cire giliserin, wato abin da ke sa man kauri, kuma wannan ba aikin cikin gida ba ne, domin metanol guba ne.

Mai tambaya: Na gode, amma Oga, ai ba zalla nake zubawa ba, kuma sau biyu nake tacewa. Ni dai ina zargin sanyin hunturu ne.

Bakanike: Kashi nawa kake gaurayawa? Yaushe ka canza baƙin mai?

Mai tambaya: Da ido nake aunawa. Gobe akwai niƙan masu biki, ba zan iya tsayar da inji ba.