Mutanen Sabon Birni da Ke Gidan Rumji: Wa Zai Tsaya Musu?

Ɗan Sabon Birni:
Assalamu alaikum. Jiya na dawo daga wani ƙauye kusa da Gidan Rumji a jihar Maradi, inda na je gaida goggona, wadda ta tsallaka iyaka da jikokinta huɗu tun 2020 bayan 'yan bindiga sun ƙone musu rumbuna. Katin rajistarta yana ƙunshe a leda, ta ɗaure shi a haɓar zane, ko kwanciya ba ta yi sai da shi, domin da shi ake karɓar tallafin da yanzu ba ya kai su rabin wata. Babban jikanta ya kai aji huɗu a gida, amma a can an mai da shi aji ɗaya saboda da Faransanci ake karatu. Tun a 2019 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira ta ce mutum fiye da dubu 40 sun shiga Maradi daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, amma har yau ban ga wanda ya ɗauki maganarsu kamar yadda aka ɗauki ta mutanen Borno ba. Ina roƙon mu rubuta takardar koke mu kai wa 'yan majalisarmu, domin mutanenmu sun zama baƙi marasa gata a ƙasar wasu.

Bagobirin Tsibiri:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, Allah ya kawo wa Goggo sauƙi, amma ka janye kalmar baƙi. Gobirawan da suka kafa Sabon Birni daga wajenmu nan Tsibiri ta Nijar suka fita, sarauta ɗaya ce, zane ɗaya ne a fuska, kuma Turawan Ingila da na Faransa ne suka ja layi a tsakaninmu. Tun kafin wata hukuma ta kawo ko buhu ɗaya, talakawan ƙauyukanmu ne suka buɗe ɗakunansu, suka raba tiyar geronsu biyu. Wanda aka yi wa haka ba a kiransa baƙo.

Malamar makaranta daga Katsina:
Yaya, ban ga abin zafi a kalmar ba. Baƙonka annabinka, in ji Bahaushe, kuma ko ɗan'uwanka na jini ya sauka a gidanka, sunansa baƙo har ranar da zai tafi.

Bagobirin Tsibiri:
Malama, ai ba baƙi kawai ya ce ba, cewa ya yi marasa gata a ƙasar wasu. Su wane ne wasun?

Ɗalibin shari'a:
Ina neman afuwar manyana, amma a doka wannan baƙuncin shi ne garkuwarsu. Yarjejeniyar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969, wadda aka ƙulla a Adis Ababa, ta amince da wanda ya bar ƙasarsa saboda rikicin da ya dagula zaman lafiyar jama'a a matsayin ɗan gudun hijira, ta hana a mai da shi inda rayuwarsa ke cikin haɗari, ta kuma ce komawa gida sai da yardarsa. Idan muka nace cewa 'yan gida ne, to, zumunci kaɗai muka bar musu, alhali zumunci ba ya tilasta wa gwamnati komai. Mu tuna mutanen Rann ta jihar Borno da suka gudu Kamaru a Janairun 2019, aka tasa ƙeyar dubbai daga cikinsu zuwa garin da suka tsere masa.

Alhaji mai hatsi a Jibiya:
Yaro, ka bar mu da takardun Adis Ababa. Idan 'yan'uwa ne kamar yadda mutumin Tsibiri yake faɗa, me ya sa har bayan Najeriya ta buɗe iyakarta a Maris na 2024 nasu ɓangaren ya ci gaba da zama a rufe, kayanmu suna lalacewa a mota?

Bamaradiya:
Alhaji, da girmanka kake wannan tambaya? Wa ya fara rufe iyaka a 2023, wa ya yanke mana wutar lantarki har asibitoci suka shiga duhu? Duk da haka babu wanda ya kori mutanenku daga Garin Kaka ko Chadakori, kuma rijiya ɗaya muke sha da su.

Alhaji mai hatsi a Jibiya:
Hajiya, ba talakan Jibiya ne ya yanke wutar ba, shi ma a duhun yake kwana.

Malamar makaranta daga Katsina:
Ni dai har yanzu ina kan bakana cewa baƙo ba zagi ba ne. Sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha baƙin Najjashi ne, kuma wannan bai rage musu daraja ba.

Shugaban zaure:
Jama'a, a dakata haka nan. Abin da na fahimta shi ne, kusan kowa ya yarda mutanen Nijar sun yi halin girma, kuma kalmar baƙi ba ta dace da Bagobiri a ƙasar Gobir ba, kamar yadda ɗan'uwana na Tsibiri ya bayyana da hujjar tarihi. Ni ma mahaifiyata 'yar Madarunfa ce, na san abin da yake faɗa. Bayanin ɗalibinmu na boko ne, a ajiye shi sai wani zama. Maganar iyaka kuma siyasa ce, na rufe ta. Ya kamata mai buɗe zancen ya gyara lafazinsa.

Ɗan Sabon Birni:
Ranka ya daɗe, na janye kalmar, kuma ina neman gafarar duk wanda ta ɓata wa rai. Amma Goggo tana nan da katinta a haɓar zane, jikanta kuma yana aji ɗaya da yaran da ya girma da shekara huɗu. Na rubuta daftarin takardar koken, ya ƙunshi batun abinci, da karatun yara, da sharaɗin kada a mai da kowa gida sai da yardarsa. Ranar Litinin zan kai ta Sakkwato, kuma zuwa yanzu mutum biyu ne suka ce za su sa hannu.