Ina kuke ajiye mota idan kun shiga Kwari ko Sabon Gari?

Baban Sadik, Funtuwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema a wajen mutanen Kano da masu yawan shigarta da mota. Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu zan kawo maiɗakina da yayata Kantin Kwari haɗo lefen ƙanena, daga nan mu leƙa Sabon Gari sayen akwatuna da kayan shafa. Zuwana na bara da azumi na fi awa guda ina zagaye tsakanin titin IBB da Ibrahim Taiwo ban samu inda zan tsaya ba. Ƙarshe mata suka sauka suka shiga, ni kuwa na zauna a mota, duk sanda aka matsa mini hon in ɗan gusa gaba. Har muka bar Kano ƙafata ba ta taka cikin kasuwa ba, ga man da na ƙona. Don Allah duk wanda ya san inda ake ajiye mota kyauta, ko da kuɗi kaɗan, hankali kwance, ya gaya mini yadda ya yi.

Mai Shadda:
Wa alaikumus salam Baban Sadik. Shekarata 19 ina fitowa Kwari, kuma abu na farko da zan gaya maka shi ne lokaci ya fi wuri muhimmanci. Idan ka iso kafin ƙarfe 9 na safe za ka zaɓi inda kake so. Da hantsi ya yi, motocin kaya sun fara sauke dila, 'yan dako da masu baro sun cika hanya, baƙin Nijar da Chadi da Kamaru sun fito daga masauki, to ko mu 'yan kasuwar sai mun yi da gaske. Daga Funtuwa ka taso bayan sallar asuba, ka karya a Kano.

Ni a wajen Filin Idi na saba ajiyewa, in tsallaka titi da ƙafa. Tun rusau ɗin da aka yi wa shagunan da ke kewaye da filin a 2023 tsarin wajen ya sha sauyawa, saboda haka ka bi yaran da ke nuna wa motoci hanya, za su sa ka inda ake ajiyewa a ranar. Ɗari biyu zuwa ɗari uku nake bayarwa, da goshin sallah wani lokaci ɗari biyar. Ka karɓi tikiti, kada ka bar shi a mota, ka sa a aljihu. Ka rubuta lambar wayarka a takarda ka ɗora a jikin gilashin gaba ta ciki. Idan suka ce ka bar motar a firi don su iya turawa in wani zai fita, wannan ba komai, haka ake yi. Amma makulli ban taɓa bar wa kowa ba, kuma ban ba ka shawarar ka bari ba.

Maman Ilham:
Alhaji ya faɗi gaskiya game da sammako, amma akwai abin da ya bari. Wanda ya riga zuwa shi ake turawa can ƙurya, sai a jera motoci uku huɗu a bayansa. Ni na shiga da tara saura, na gama sayayyata da sha biyu, ban fita ba sai bayan la'asar, saboda mai motar da ta tare ni ya ja burkin hannu ya kulle ya tafi, babu lamba babu komai. Ga goyo, ga rana, ruwan da na taho da shi ya ƙare. Wata mai sayar da awara ce ta ba ni kujerarta na zauna a inuwar lema. Tun daga ranar, da na shiga nake ce wa yaron, “Ɗana, ba daɗewa zan yi ba, sa ni kusa da ƙofa,” in ƙara masa ɗari. Ku da za ku haɗa lefe wuni za ku yi, ƙurya ba za ta dame ku ba.

Abu Fatima:
Ɗan'uwa, kalmar kyauta ɗin nan ka cire ta daga ranka in dai a kusa da kasuwa ne. Ni neman kyautar na yi. Na ga layin motoci a bakin titi kusa da mahaɗar Bata da ke bakin kasuwar Sabon Gari, na ce tunda wasu sun ajiye ni ma bari in bi sahu, batir kawai zan saya in fito. Minti 25 na yi. Na dawo babu mota. Sai da gabana ya faɗi, na zaci sata ce, mai facin da ke wajen ya ce jami'an kula da hanya ne suka zo da janwe. Motocin da na gani ashe duk da direbobinsu a ciki, suna hango janwe suka watse. Na wuni a ofis, na biya tarar da ta ishe ni kuɗin fakin na wata da watanni, kuma bamba ta gaba ta tsage wajen ja. Babu allon hani a wajen, wannan ne ya fi yi mini ciwo, amma a kan kwalta na tsaya, ban musa ba. Ƙarƙashin gadar sama ta titin Murtala Muhammad da bakin shataletale da kwana, duk ka guje su ko da ka ga fili.

Ɗan Fagge:
Ina roƙon alfarma a madadin mu mazauna unguwa. Mutane da yawa idan suka rasa wuri a Kwari sai su kutso lungunan Fagge su ajiye a ƙofar gidan mutane, a ganinsu sun samu na kyauta. Ranar da jikin mahaifiyarmu ya tashi, wata jif ce a bakin ƙofarmu tun safe, ba mu san mai ita ba. A kan tabarma muka ɗauko ta mu huɗu har bakin titi kafin mu samu adaidaita zuwa Asibitin Murtala. Allah Ya ba ta lafiya, amma ban manta ba. Ba mu hana kowa ajiyewa ba. Ka yi sallama, ka tambayi dattijan da ke zaune a dakali ko mai shagon layin, za su nuna maka jikin katangar da ba ta tare kowa, su kuma sa maka ido. Ka sayi ruwa ko lemo a wajen mai shagon in za ka tafi. Da yawa daga masu yin haka yanzu sun zama kamar 'yan gida, har gaisuwar sallah suke zuwa.

Injiniya:
Dabarar da nake yi shekara uku ke nan: wajen wankin mota. In zan shiga Sabon Gari sai in nemi masu wanki a layukan da ke bayan titin Faransa, in ba su wankin jiki kawai, in ce sai bayan awa uku zan dawo. Kuɗin wanki na biya, ajiya ta zo a ciki, kuma akwai mutane a kan motar koyaushe. Sharaɗin shi ne ka faɗa musu gaskiyar lokacin da za ka yi tun farko, don wajen nasu ƙarami ne, motarka na cin gurbin wata. Gidan mai da harabar banki kuwa na daina, maigadi yana ganin ka nufi titi zai kira ka ka dawo ka ɗauke.

Malam Na Ƙofar Na'isa:
Ni ban ga dalilin kai mota bakin Kwari ba sam. Baban Sadik, ta hanyar Gwarzo za ka shigo, ko ba haka ba? To ka bar motar a Rijiyar Zaki ko Kabuga gidan wani naka, ku ɗauki shatar adaidaita. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a 2013 adaidaita ta cika gari, ba za ku yi minti biyar a tsaye ba, kuma tana shiga inda mota ba ta isa ta shiga ba. Ka karɓi lambar direban, in kun gama ya zo ya kwashe ku da kaya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, zagayen awa guda a cunkoso ya fi kuɗin shata tsada. Kasuwar Kurmi ma haka nake yi, don wannan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa aka kafa ta, hanyoyinta na masu tafiya a ƙafa ne da jakuna.

Maman Ilham:
Malam, da girmanka, lefe ne fa. Akwati shida da atamfa da leshi, ga mata biyu da kuɗi a jaka. Ni dai na fi son motata kusa, abin da aka saya a kai but a rufe.

Mai Shadda:
Hajiya, nan ne kuma zan saɓa miki. Kada a riƙa kai kaya mota kaɗan-kaɗan. Akwai masu zama suna kallon wanda ya buɗe but ya zuba kaya ya koma. Maƙwabcina a layi an fasa wa baƙonsa ƙaramin gilashin baya an ɗauke turmi takwas. Ku tara komai a shagon da kuka fi yin ciniki, kowane ɗan kasuwa zai ajiye muku, in kun gama ɗan dako ya ɗauka gaba ɗaya a tafi tare. Kuma kada a bar jaka ko waya a kan kujera, ko da babu komai a jakar.

Baban Walid, Abuja:
Ku gode wa Allah da ɗari uku. Mu nan an taɓa yin tsarin biyan kuɗin fakin a bakin titi, a ɗaure maka taya in ba ka sayi kati ba, sai da kotu ta soke shi a 2014. Kasuwar Wuse har yau sai ka biya a ƙofa, kuma ranar Asabar biyan ba ya nufin ka samu gurbi.

Ɗan Fagge:
Na manta, Baban Sadik, ka duba kalanda. In Asabar ɗin ƙarshen wata ce akwai tsaftar muhalli, ba a zirga-zirga daga 7 zuwa 10 na safe, za a tsayar da kai tun daga shigowa gari, kuma da an buɗe kowa a lokaci ɗaya yake fitowa. Juma'a ma daga sha biyu titunan da ke kusa da masallacin Fagge cika suke.

Baban Sadik, Funtuwa:
Allah Ya saka wa kowa da alheri. Jiya Talata muka je muka dawo lafiya. Na haɗa shawarar Alhaji da ta Malam. Ƙarfe 8:40 muna wajen Filin Idi, na biya ɗari uku, na bar lamba a gilashi, sau ɗaya aka kira ni na matsar. Kaya a shago muka tara, ɗan dako ya kai mana sau ɗaya. Sabon Gari kuwa ban motsa motar ba, adaidaita muka hau muka je muka dawo da akwatunan a ɗaure a sama. Yaron da ya kula da motar na tarar ya ɗora kwali a gilashin gaba saboda rana, ban sa shi ba, na ƙara masa ɗari biyu. Saura kayan gado da kujeru na ɓangaren wata 'yar yayata bayan sallah, wannan karon da a-kori-kura za mu zo. Akwai wanda ya san ko suna karɓar irinta a filin, ko sai na nemi wani wajen?