Yaƙin taurari a littattafan ƙirƙira: me ya sa soja ke dawowa ya tarar da zamaninsa ya wuce?

Ɗan Kawo:
Assalamu alaikum. A littattafan da ke ba da labarin yaƙin mutane da wasu halittu daga taurari masu nisa, sau da yawa soja yakan yi shekara biyu a fagen daga, ya dawo ya tarar jikokinsa sun tsufa. Shin wannan yana da tushe a kimiyya, ko shaci-faɗin marubuta ne?

Malamar Barnawa:
Wa'alaikumus salam. Yana da tushe, domin tun 1905 masanin kimiyya Albert Einstein ya bayyana cewa lokaci yana raguwa ga abin da ke gudu kusa da saurin haske, wato kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa. Idan kumbo ya kai kashi 99 cikin 100 na wannan saurin, shekara ɗaya a cikinsa ta yi daidai da kusan shekara bakwai a duniya. Marubuci Ba'amurke Joe Haldeman, wanda ya yi yaƙin Biyetnam, a kan wannan ya gina littafinsa na 1974, The Forever War, don ya nuna baƙuntar sojan da ya dawo gida.

Tsohon Soja, Tudun Wada:
Malama ta yi bayani, sai dai ni abin da ke ɗaure mini kai shi ne umarni. Tauraro mafi kusa da rana, haske yana shafe fiye da shekara huɗu kafin ya isa can, kuma babu saƙon da zai fi haske gudu. Ko ɗalibin NDA, makarantar horar da hafsoshin soja ta Kaduna, ya san rundunar da za ta jira umarni shekara huɗu ta riga ta zama mai cin gashin kanta, kuma marubuta kaɗan ne suke tsayawa a kan wannan.