Tambaya kan raunin kafaɗa da hoto bai nuna karaya ba

Assalamu alaikum likitoci da manyanmu a wannan aiki. Ina aiki a sashen gaggawa na wani asibiti a Daura, kuma ina neman shawararku kan wani matashi da ya faɗo daga babur a kan tsinin kafaɗarsa ta dama.

Mafi yawan karayar ƙashin wuya (wanda ya tashi daga saman ƙirji zuwa kafaɗa) da muke gani a tsakiyarsa take, ana ganinta tun kafin hoto. Wannan kuwa kumburin yana can ƙarshe, inda ƙashin ya haɗu da allon kafaɗa, kuma akwai tudu wanda idan na danna sai ya nutse, in na saki ya dawo. Yana jin zafi sosai idan ya kai hannun zuwa ɗaya kafaɗar. Jijiyar wuyan hannunsa tana bugawa daidai, fatar gefen dantsensa ba ta mutu ba, numfashinsa lafiya. Hoton gaba kawai muka samu, bai nuna karaya ba, na ƙarƙashin hammata kuma ya gagara domin ba ya iya ɗaga hannun.

Zatona gaɓar ce ta rabu, amma hoto ɗaya ba ya kore karayar ƙarshen ƙashin ko gocewar kafaɗa ta baya. Shin hoton Zanca, wanda ake karkatar da na'ura digiri 10 zuwa 15, zai wadatar wajen sanin matakin Rockwood, wato ma'aunin tsananin rabuwar wannan gaɓar, ko in tura shi Katsina yanzu? Na rataye masa hannun, amma danginsa sun matsa a kai shi wurin mai ɗori.